Wanda ba shi da rajista ya sa wa goɗiyata takalmi ta gurgunce a Ingila: me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune da iyalina a arewacin Ingila. A gidan dawaki na taso, shi ya sa da Allah ya hore mini na saya wa 'yata goɗiya, muka ajiye ta a wata bargar haya a bayan gari. Mai sa mata takalmi da muka saba da shi aiki ya yi masa yawa, sai wata mai doki a bargar ta haɗa ni da wani da ta samu a Facebook. Shi fam 50 yake karɓa hannu da hannu, wancan kuwa fam 90. Kwana biyu bayan zuwansa na ƙarshe goɗiyar ta kasa taka ƙafar gaba ta dama. Likitan dabbobi ya cire takalmin, ya ce ƙusa ta shiga nama har wurin ya tara mugunya, kuma an daɗe ana fere dunduniyar fiye da kima. Zuwa yanzu na kashe fam 1,300. Kamfanin inshora ya nemi lambar rajistar mutumin, na duba ban ga sunansa ba. Da na kira shi sai ya ce ya yi shekara ashirin a sana'ar, kofaton ne dama ba shi da kyau, ya kashe waya. Mai bargar kuma ta ce ni ma ina iya shiga matsala. Shin na yi laifi? Zan iya karɓo kuɗina? Wani abokina ya ce in daina sa mata takalmi gaba ɗaya, kowa ma ya riƙa yanke mata kofato. Hakan ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba goɗiyar lafiya, ya sanyaya zuciyar yarinya. Bari in fara da abin da ya fi tayar maka da hankali. Idan yadda ka bayyana haka ne, wato ba ka san mutumin ba shi da rajista ba sai bayan da abin ya faru, to laifin yana wuyansa, ba naka ba. Amma daga ranar da ka sani, lissafi ya sake.

A Ingila da Wales da Scotland akwai dokar rajistar masu sa wa dawaki takalmi ta 1975. Dokar ta haramta wa duk wanda sunansa ba ya cikin rajista ya gyara kofato domin a ɗora masa takalmi, ko ya ɗora takalmin da ƙusa ko ta wata hanya daban, ko ya kammala aikin. Manna takalmi da gam ma yana ciki. Waɗanda aka keɓe su ne likitocin dabbobi, da ɗalibansu a ƙarƙashin kulawa, da yaran sana'a da ke koyo a hannun maigidan da aka amince ya koyar, da wanda ya kai agajin gaggawa. Ko mai dokin da kansa ba a yarda ya kafa wa dokinsa takalmi ba in ba shi da rajista. Haka kuma laifi ne mutum ya laƙaba wa kansa sunan sana'ar, wato farrier da Turanci, a jikin mota ko a talla alhali ba ya cikin rajista. Hukuncin tara ne da ya kai fam 1,000 a kotun majistare. Hukumar da ke riƙe da rajistar ita ce Farriers Registration Council, ofishinta yana Peterborough, kuma kowa na iya duba sunaye a shafinta na intanet kyauta.

Na san daga ina ɗabi'ar ta taso. A gida akasarin dawakinmu ba takalmi suke yawo da shi ba, ƙasar rairayi ce, kuma mai yanke kofato sanannen gida ne, ubansa ya yi wa dokin ubanka. Idan ya ɓata aiki an san inda za a same shi, an san dattijon da za a kai wa ƙara. A Ingila kuwa ba ka san asalin kowa ba, doki yana taka kwalta da laka mai sanyi rabin shekara, rajistar nan ita ce shaidar da ta rage maka. Wanda ke cikinta ya yi wajen shekara huɗu yana koyo, yana zuwa kwaleji yana karanta ƙashi da jijiya da yadda doki ke taku, sannan ya ci jarrabawar kammala koyon sana'ar. In ya yi sakaci mai muni akwai kwamitin ladabtarwa da ke da ikon cire sunansa, wato ya rasa hanyar cin abincinsa. Mutumin da ka ɗauko babu abin da zai rasa, shi ya sa ya iya kashe maka waya. Araha ba ta ado, kuma fam 40 ɗin da aka rage maka kuɗin wannan kariyar ne aka zare.

Maganar mai barga tana da tushe ta fuska biyu. Ta farko, a dokar Ingila wanda ya taimaka ko ya sa aka aikata laifi ana iya gurfanar da shi kamar wanda ya aikata da hannunsa. Sai dai dole a nuna ya san gaskiyar lamarin. Kai ba ka sani ba, amma yanzu ka sani, don haka in ka sake kiransa, ko ka haɗa shi da wani mai doki, ka shiga cikin laifin. Ta biyu ta fi nauyi, ita ce dokar jin daɗin dabbobi ta 2006. Sashe na 9 ya ɗora wa duk mai kula da dabba nauyin ɗaukar matakan da suka dace don kare ta daga ciwo da rauni da cuta. Sashe na 4 ya haramta jawo mata wahalar da za a iya kauce wa, kuma tun 2021 hukuncin wannan sashen ya kai ɗaurin shekara 5, ban da ikon kotu na hana mutum riƙe dabba. A idon doka goɗiyar amanarka ce kai, ko da sunan 'yarka ake kiranta, domin yaron da bai kai shekara 16 ba iyayensa ake tambaya. Abin da ya wanke ka shi ne ka kira likita da wuri kuma ka biya magani. Cikin waɗanda ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ke kaiwa kotu akwai masu barin doki yana ɗingishi mako da mako suna cewa zai warke da kansa.

Yanzu maganar kuɗi. Ko babu takarda, akwai yarjejeniya tsakaninku: ya yi aiki, ka biya. Sashe na 49 na dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ya ce duk mai sana'ar da ya yi wa mutum aiki dole ya yi shi da kulawa da ƙwarewar da ta dace. Za a auna shi da ma'aunin ƙwararren mai sana'ar, ba da nasa iyawar ba. Dokar ta ba ka damar ka sa shi ya sake aikin, amma wannan ba naka ba ne, kada ya ƙara taɓa ƙafarta. Abin da za ka nema shi ne a mayar maka da kuɗin aikin, da diyyar asarar da ta biyo baya: kuɗin likita da magani, hoton ƙafa, ɗaukar goɗiyar zuwa asibiti, takalmin gyara na musamman, da faɗuwar darajarta in lahanin ya zama na dindindin. Kukan yarinya da ɓacin ranka, duk da na san su suka fi ciwo, da wuya kotu ta sa musu farashi. Idan zai ce ai yarjejeniyar ta saɓa doka tun farko, saboda haka ba ka da bakin ƙara, wannan hujja ba za ta yi masa amfani sosai ba. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 2016 a shari'ar Patel da Mirza, alƙalai suna duba manufar dokar da aka karya, kuma dokar 1975 an yi ta ne don kare dawaki daga irin hannunsa.

Inda shari'ar za ta tsaya ko ta faɗi shi ne shaida, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Rashin rajista shi kaɗai bai tabbatar da cewa shi ya gurgunta goɗiyar ba. Ko ƙwararre yakan yi kuskuren ƙusa, domin tsakanin bangon kofato da nama mai rai tazarar kaɗan ce ƙwarai. Bambancin shi ne ƙwararre yakan gane, ya zare ƙusar, ya wanke wurin, ya gaya wa mai doki a kira likita a duba rigakafin tetanus. Saboda haka ka roƙi likitan ya rubuta maka rahoto da ya faɗi abu uku a sarari: inda ƙusar ta bi, cewa mugunyar daga ramin ƙusar ta taso, da kuma yanayin yankan dunduniyar. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci domin shi ke nuna ba tsautsayin rana ɗaya ba ne. Kofato yana tsiro da milimita 6 zuwa 10 ne a wata, yakan ɗauki wata 9 zuwa shekara guda kafin ya sabunta daga sama har ƙasa, don haka aikin watannin baya yana rubuce a jikinsa. Amma kowane gyara da sabon mai takalmi zai yi yana share wani ɓangare na wannan shaidar. A ɗauki hoton ƙafafuwan huɗu yanzu, ta gaba da ta gefe da ta ƙasa. A ajiye takalmin da aka cire da ƙusoshinsa. Ka nemi tsohon mai takalminku ya rubuta yadda ya bar kofaton a aikinsa na ƙarshe, wannan ne amsar maganar cewa kofaton dama ba shi da kyau. Ka adana saƙonninku da hoton tallansa kafin ya goge. In a ciki ya taɓa cewa yana da rajista, ko ya yi amfani da sunan sana'ar, to ƙarya ta shigo, lamarin ya kusanci zamba a ƙarƙashin dokar hana zamba ta 2006, kuma matsayinka ya ƙara ƙarfi ko a gaban kamfanin inshora.

Matakin farko wasiƙa ce zuwa gare shi: abin da ya faru, kuɗin da kake nema dalla-dalla, kwafin rahoton likita, da wa'adin kwana 14. In bai amsa ba ka shigar da ƙara a sashen ƙananan ƙararraki na kotun gunduma, wanda ke sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba. Ana iya shigarwa ta intanet. Ƙarar da ke tsakanin fam 1,000 da 1,500 kuɗin shigarwarta fam 80 ne, ta fam 1,500 zuwa 3,000 kuwa fam 115, sai wani kuɗin in an kai ga zama. Tun 2024 ana sa ɓangarorin biyu su fara zaman sulhu ta waya, kyauta. A wannan kotun ko ka yi nasara ba a biya maka kuɗin lauya, shi ya sa ba na ba ka shawarar ɗaukar lauya a kan wannan adadin. Kana da shekara 6, don haka ka ɗan jira likita ya faɗi yadda ƙarshen ƙafar zai kasance, domin ba a ƙara sau biyu a kan abu ɗaya. Sai dai ka sani samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Mai aiki hannu da hannu sau da yawa ba shi da inshora, kuma ba za ka iya ƙararsa da sunan Facebook ba. Ka nemo cikakken sunansa da adireshinsa tun yanzu, lambar motarsa ma tana taimakawa.

Kai rahoto ga hukumar rajista ba ya jira kamar ƙarar kuɗi, domin a ƙa'ida irin waɗannan ƙananan laifuka cikin wata 6 ake gurfanar da su. Hukumar ba ta biyan diyya, kuma za ta buƙaci wanda ya gan shi yana aikin da idonsa kuma ya yarda ya ba da shaida. Ina ganin ya kamata ka yi. Kada jin nauyin matar da ta haɗa ku ya hana ka, dokinta ma yana cikin haɗarin.

Game da inshora, ka karanta sharuɗɗan takardarka. Da yawa suna sa sharaɗin cewa mai rajista ne zai kula da kofato. Ka gaya musu gaskiya kamar yadda take, kada ka ba da lambar wani. In sun ƙi biya ka nemi dalilin a rubuce, ka shigar da koke a wurinsu. Bayan amsarsu ta ƙarshe, ko in mako 8 ya wuce shiru, kana iya kai maganar ga ofishin sasanta koke-koken harkar kuɗi, Financial Ombudsman Service, kyauta, cikin wata 6 daga ranar amsar.

Maganar abokinka rabinta gaskiya ce. Yanke kofaton da ba za a ɗora masa takalmi ba bai shiga dokar 1975 ba, don haka kowa yana iya yi. A ganina wannan giɓi ne a dokar, domin wuƙa da magagari a hannun wanda bai iya ba suna lalata kofato ko babu ƙusa, kuma feren dunduniyar da likita ya gani a goɗiyarka aikin wuƙa ne. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 tana nan a kan mai yankan da kuma kai da ka kira shi. Gano cuta da yi mata magani kuma aikin likitan dabbobi ne kawai a ƙarƙashin dokar likitocin dabbobi ta 1966. Dawaki da yawa suna zaman lafiya babu takalmi, amma ƙafar da aka huda aka fitar da mugunya ba a yanke mata wannan shawara a bakin barga. Likita da mai takalmi mai rajista su duba ta tare su yanke. Kafin kowa ya ɗaga ƙafarta ka nemi ganin katin rajistarsa na bana, ka duba sunan a shafin hukumar, ka tambaye shi takardar inshorarsa, kuma ka biya ta banki don kuɗin ya bar sawu.