Tambayoyin Masu Karatu: Masu Bibiyar Guguwar Dusar Ƙanƙara a Hutun Ƙarshen Shekara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗa da yake karatu a Amurka, a jihar Niyok, kusa da birnin Buffalo. Duk shekara idan hutun Kirsimeti ya gabato sai ya cika mana waya da taswirori masu launi-launi, yana cewa guguwar dusar ƙanƙara tana tafe nan da mako guda, kuma da alama murna yake yi, shi da wasu abokansa. Wani lokaci abin ya zo, wani lokaci kuma shiru. Mahaifiyarsa ba ta iya barci saboda fargaba. Shin wannan bibiya tana da tushe ko sharholiya ce? Kuma ta yaya ɗan'adam zai ce ya san abin da sama za ta yi nan da mako guda?
Daga wani magidanci, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya muku shi, ya ba shi sa'ar abin da ya je nema. Taswirorin da yake turo muku suna da tushe, domin daga manyan cibiyoyin hasashen yanayi suke fitowa. Kowace rana ana tattara ma'aunin zafi da danshi da ƙarfin iska daga taurarin ɗan'adam da jiragen sama da na ruwa, da kuma balan-balan da ɗaruruwan tashoshi a duniya suke saki sau biyu a rana, sannan a zuba wannan duka cikin manyan kwamfutoci su lissafa yadda iskar duniya za ta motsa. Biyu daga cikin waɗannan lissafe-lissafe sun fi shahara. Akwai na Amurka da ake kira GFS, wanda yake fitowa sau huɗu a rana, yana kuma hango har kwana 16 gaba, akwai kuma na cibiyar ƙasashen Turai ta ECMWF, wadda aka kafa a 1975 da hedikwata a garin Reading na Ingila. Da yake na Amurkan kyauta ne ga duk mai intanet, sai ya zama ɗalibi da direba da tsohon ma'aikaci duk suna iya ganin abin da a da sai ma'aikatan hukuma kaɗai suke gani.

Daga nan ne aka sami waɗannan masu sha'awar yanayi. Suna jiran fitowar kowane sabon lissafi kamar yadda samarinmu suke jiran wasa a gidan kallon ƙwallo, wannan yana goyon bayan na Turai, wancan na Amurka, idan lissafin dare ya kawar da guguwar daga garinsu su kwana da takaici, idan na safe ya dawo da ita su ɓarke da murna. Abin yakan fi zafi a ƙarshen Disamba saboda mutane suna hutu, miliyoyi suna kan hanyar zuwa wurin danginsu, kuma a al'adarsu ana son a wayi gari ranar Kirsimeti ƙasa ta yi fari fat. Har ƙa'ida suka sa wa abin: a Amurka sai an sami dusa mai kaurin inci ɗaya, wato kimanin santimita biyu da rabi, a ƙasa da safiyar 25 ga Disamba kafin a ce an yi farar Kirsimeti, a Ingila kuwa ƙwaya ɗaya tak da aka ga ta faɗo a wannan rana ta wadatar.

Shirun da kuke gani wani lokaci yana da dalili sananne. Tun a 1963 masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a ma'aunin farko yana girma kullum har ya rushe lissafin baki ɗaya. Saboda haka ne cibiyar Turai take gudanar da lissafinta sau da dama, tana ɗan sauya ma'aunin farko kowane karo, don a ga nawa daga ciki suka yi ittifaƙi. Hasashen kwana biyu ko uku abin dogaro ne sosai, na kwana biyar yana da amfani, amma abin da ya wuce mako guda ishara ce kawai cewa sanyi ko hadari na iya zuwa. Dusar ƙanƙara kuma ta fi ruwa wuyar hasashe, domin bambancin digiri ɗaya ko biyu ya isa ya mayar da ita ruwan sama. A ganina laifin wasu masu bibiyar shi ne sukan ɗauko taswira mafi ban tsoro daga cikin masu yawa, ta kwana goma gaba, su yaɗa ta kamar an gama magana. Don haka idan ya sake turowa, ku tambaye shi abu biyu: kwana nawa ya rage, kuma hukumar yanayi ta ƙasar ta fitar da gargaɗi ko ba ta fitar ba.

Game da ko wannan shiga ne cikin abin da Allah ya keɓe wa kansa sani, hukuncin na malamai ne, kuma su ya kamata a tambaya. Abin da zan iya faɗi ta fuskar aikin shi ne masu hasashe na gaskiya ba sa cewa tabbas, sukan ce akwai yiwuwar kashi kaza cikin ɗari, bisa alamomin da aka auna da kuma abin da aka saba gani yana biyo bayansu.

Fargabar Hajiya kuwa ba a banza take ba, domin Buffalo wuri ne da dusa take yi wa mugun sauka. Birnin yana gabashin tafkin Erie, kuma a farkon sanyi ruwan tafkin bai daskare ba tukuna. Idan iska mai tsananin sanyi ta kaɗo daga kudu maso yamma ta bi tsawon tafkin, sai ta kwashi ɗumi da danshi, ta tashi sama ta zama gajimare, ta je ta juye shi a kan gari cikin siririn layi, ta yadda wata unguwa za ta nutse alhali wata mai nisan 'yan kilomita tana ganin rana. A ranar 23 ga Disamban 2022 irin wannan ta haɗu da wata babbar guguwa da ta ratsa Amurka da Kanada. Kwanaki kafin nan masu hasashe sun yi gargaɗin cewa irin wadda ake gani sau ɗaya a zamani guda ce, kuma haka ta kasance: an shafe awa 37 iska tana kaɗa dusa har mutum ba ya ganin gabansa, abin da ya sauka a filin jirgin saman birnin ya kai kimanin santimita 130, mutane fiye da 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. Abin lura shi ne wata guda kafin nan, a Nuwamba, dusar da ta sauka a wasu garuruwan kudu da birnin ta haura mita biyu, amma asarar rayuka ba ta kusanci ta Disamba ba. Iska da tsananin sanyi, da kuma fitowar jama'a don sayayyar biki, su suka fi kisa, ba yawan dusar ba.

Murna a irin wannan hali ba ta dace ba, kuma masu hankali daga cikin masu bibiyar sukan daina ta da zarar abin ya zama bala'i, su koma sanar da hanyoyin da suka toshe. Akwai kuma aikin da suke yi wanda hukuma kanta take dogaro da shi. Na'urar rada tana ganin abin da yake sama, amma ba ta iya faɗin kaurin abin da ya taru a ƙofar gida, sai mutum ya fita da rula. Amurka tana da tsarin 'yan sa-kai masu auna yanayi tun 1890, kuma a 1998 aka kafa wani mai suna CoCoRaHS a jihar Colorado, bayan ambaliyar da ta afka wa garin Fort Collins a 1997. Ɗan sa-kai yakan ajiye farin katako a fili, ya auna dusar da ta taru a kai, ya share, sannan ya narkar da wadda ma'auninsa ya tara don a san ruwan da take ɗauke da shi. Idan yaronku zai shiga irin wannan, sha'awarsa ta sami amfani. Ku kuma ja masa kunne ya tanadi abinci da ruwa da magani kafin guguwa, kada ya tuƙa mota idan an hana, kada ya kunna janareto a cikin ɗaki, idan kuma ya maƙale a mota ya tabbatar dusa ba ta toshe salansa ba, domin hayaƙin da yake komawa ciki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ƙanƙarar da takan faɗo mana da damina ita ce dusar da muke gani a talabijin? Kuma tana sauka a Afirka?
Daga wata ɗaliba, Marwa.

AMSA: Ina amsawa, 'yata, Allah ya yi albarka. Abu biyu ne mabambanta. Ƙanƙara tana haɗuwa ne a cikin dogon hadari mai tsawa, inda iska mai ƙarfi take riƙe ɗigon ruwa a sama yana daskarewa, wani ruwan yana lulluɓe shi har ya yi nauyi ya faɗo kamar tsakuwa, shi ya sa take zuwa da zafi-zafi, take kuma ɓarna a gona. Dusa kuwa tururin ruwa ne da yake daskarewa kai tsaye ya zama ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa shida, marasa nauyi, kuma ba ta isowa ƙasa sai iskar da ke tsakanin gajimare da ƙasa tana kusa da digiri sifili ko ƙasa da haka. Yawancinta iska ce, domin a bisa ƙiyasi dusa mai kaurin santimita 10 idan ta narke ruwan santimita ɗaya take bayarwa. Wani manomi a jihar Vermont ta Amurka mai suna Wilson Bentley ya fara ɗaukar hoton ƙwayoyinta a 1885, ya kuma ɗauki fiye da 5,000 kafin rasuwarsa.

Tana sauka a Afirka, a tsaunukan Atlas na Maroko da Aljeriya, da ƙasar Lesoto, da kan dutsen Kilimanjaro. Garin Ain Sefra da ke bakin Sahara a Aljeriya ya gan ta a kan yashi a 1979 da 2016 da 2018. Wani abin da zai ba ki mamaki shi ne yawancin ruwan da yake sauka a Marwa daga manyan hadura a daskare yake farawa can sama, wajen kilomita biyar ko fiye, sai ya narke a hanya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu da ba mu da dusa, akwai abin da mai sha'awar yanayi zai bibiya a nan? Ni malamin makaranta ne, ina kuma ɗan taɓa noma.
Daga wani malami, Injamena.

AMSA: Malam, akwai, kuma namu ya fi nasu shafar abinci. A daidai lokacin da suke jiran dusa mu hazon hunturu muke sha, kuma babban tushensa yana cikin ƙasarku: kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, kusa da Faya, wanda masana suke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashe busasshiyar ƙasar tsohon tafki. Hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat suna fitowa akai-akai cikin kowace awa, kuma mai lura zai ga ƙurar ta tashi kafin ta rufe Injamena da Kusiri da Garwa. Wannan sanarwa ce mai amfani ga masu ciwon asma da direbobi.

Da damina kuwa abin da ya fi ƙaranci shi ne ma'auni. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa tashoshin aunawa a Afirka sun gaza abin da ake buƙata nesa ba kusa ba, kuma ruwanmu na tsawa ne, yakan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Cibiyoyi irin su AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suna fitar da hasashen damina, hukumar yanayi ta Cadi tana fitar da nata, amma ambaliyar kogin Shari da Logon da ta mamaye unguwannin Injamena a 2022, da wadda ta sake zuwa a 2024, sun nuna yadda ake buƙatar ido a kowane gari.

Farawa ba shi da tsada. Ku nemi ma'aunin ruwan sama na roba, ko gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ku kafa shi a fili nesa da bishiya da katanga, aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Kowace safiya a lokaci guda a auna da rula, a rubuta a littafi, a zubar, ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifili, domin tsawon fari bayan shuka yana cikin abin da ake son sani. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Masana noma a Sahel sukan ɗauki kimanin milimita 20 cikin kwana uku a matsayin alamar ruwan shuka, muddin dogon fari bai biyo baya ba. Tun da kuna da ɗalibai, ku raba musu aikin mako-mako, a ƙarshen wata kuma ku kai kwafin littafin ofishin aikin gona ko na yanayi mafi kusa da ku.