Amsa ga 'yar'uwar da aka ce shimfiɗar mahaifarta ta yi siriri

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi kuka. Kin ce eko, wato hoton ciki, ya nuna kaurin shimfiɗar milimita 5 ne, ciki ba ya kamawa, me za ki sha. Tawa ma 5 ce, wani watan 4, alhali likita yana son ta kai ko da 7 kafin ƙwai ya sauka.

An taɓa yi miki wankin ciki? Ni nan aka cuce ni. Na yi ɓarin wata uku, aka kai ni wata kilinik a nan Yamai cikin dare, jini na zuba. Mutumin nan ya kankare ni ba allurar kashe zafi, ina ihu yana cewa "a kanki farau?" Har yau in na ji ƙarar ƙarfe a faranti sai jikina ya ɗauki rawa. Daga nan al'adata ta koma ɗigo-ɗigo, yini guda ta ɗauke. Na koma na gaya masa, ya ce ai hutu na samu. Allah ya isa, ban yafe ba. Shekara 4 uwar mijina na kirana juya a gaban baƙi.

Kar ki sayi Clomid, maganin sa ƙwai ya sauka, a farmasi ba ordonansi (takardar likita) don Allah. Na sha wata shida, ashe shi ma yana rage kaurin shimfiɗar. Daga baya wata likitar mata ta canza mini zuwa letrozole. Ita ce ta sa aka zura 'yar kyamara cikin mahaifa, isteroskopi, aka tarar bangon ya manne saboda tabon kankarar nan. Aka raba shi, ta ɗora ni kan Progynova mai ƙara kaurin shimfiɗar, da doxycycline na sati biyu saboda sanyin da ya daɗe a ciki. In tabo ne, ko buhun magani kika shanye ba zai buɗe ba.

Maigida fa, ya yi gwajin maniyyi? Ki lallaɓa shi, nawa sai da yayansa ya sa baki. Kuma ki bar cushe-cushen matsi. Masu ce miki a sa Viagra ta gaba ko a zuba ruwan jininki cikin mahaifa, ana gwada su, amma ba kowa suke yi wa aiki ba, ki bar wa likita.

Yanzu ina 7, cikin bai zo ba tukuna. Ran Litinin zan koma eko, ki sa ni a addu'a.