Surukata ta ce allurar HPV tana kashe mahaifa, in bari a yi wa 'yata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 10. An aiko daga makarantarsu cewa za a yi wa 'yan mata allurar rigakafin kansar bakin mahaifa. Ni ina so a yi mata, don wannan ciwon ne ajalin yayar mahaifiyata, kuma na ga wahalar da ta sha. Amma surukata ta ce atafau ba mai taɓa mata jika, wai ta ji a WhatsApp allurar tana kashe mahaifa. Maigidana kuma ya ce a bari sai ta kusa aure. Wallahi abin har barci yake hana ni. Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa jinyar ta zama kaffara. Hajiya, a yi wa yarinyar nan allurar, kuma bana.

Maganar maigida ba ta da tsawo. Allurar rigakafi ce, ba ta warkar da wadda ƙwayar HPV, wato ƙwayar cutar da ke jawo wannan kansar, ta riga ta shiga jikinta, kuma garkuwar jikin yarinya ƙarama ta fi ta babba karɓarta. A Ingila an bi diddigin matan da aka yi wa: waɗanda suka samu suna shekara 12 zuwa 13, kansar ta ragu a cikinsu da kashi 87 cikin ɗari, waɗanda aka jinkirta har 16 zuwa 18 kuwa kashi 34 kawai. Kuɗin jiran ke nan. In kuma abin da ke ransa shi ne 'yarsa mai tarbiyya ce, ki gaya masa cikin ladabi cewa ba a kan tarbiyya ake magana ba. Mace tana iya ɗaukar ƙwayar a ɗakin aurenta, daga mijin da shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba, tunda galibi ba ta nuna alama a jikin namiji.

Yanzu ga batun hana haihuwa, wanda kusan kullum sai na amsa shi har bakina ya gaji.

Ki tambayi surukarki wannan, amma a hankali: allurar tazarar haihuwa da mata ke karɓa da son ransu, wata nawa take aiki? Wata uku. In mace ta yi sakaci ba ta koma ba, ciki na iya shiga. Wadda ta gama haihuwa gaba ɗaya kuwa sai an yi mata aiki an ɗaure mata hanyar ƙwai. To da a ce akwai allura guda da za a soka wa yarinya a dantse ta kashe mahaifa har abada, me zai sa likitocin duniya su ci gaba da wahalar tiyata? Babu irin wannan allurar. Abin da ke cikin kwalbar Gardasil, wato allurar ta HPV, kwaikwayon ɓawon ƙwayar cutar ne, ba rayayyiyar ƙwaya, ba sinadarin hana ɗaukar ciki. Jiki ya gan shi, ya haddace kamanninsa, ya shirya.

Kuma ba a kanmu aka fara ba. Tun 2006 aka amince da allurar a Amurka, Ostireliya ta fara yi wa 'yan makarantarta a 2007. 'Yan matan wancan lokacin yau iyaye ne, suna goyo. Mu sai a watan Oktoban 2023 ta shiga jerin rigakafin gwamnati, Filato ma sai zagaye na biyu a watan Mayun 2024. Shekara goma sha bakwai 'ya'yan Turawa na karɓa, a nan sai mai kuɗi ke saya a asibitin kuɗi. Da aka kawo ta kyauta, sai ta zama makirci.

Ban ce tsoron mutanenmu ba shi da tushe ba. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma ruwa ba ya tsami banza. Amma mu tuna 2003, da aka ce ɗigon shan inna ma yana hana haihuwa. Aka dakatar da shi a Kano kusan shekara guda, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da aka ɗiga wa daga baya sun yi aure sun hayayyafa. Waɗanda suka shanye a lokacin kuwa har yau suna jan ƙafa, kuma cikin masu yaɗa maganar ba wanda ya zo ya saya musu keke.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, mai cire wa mace haihuwa da gaske ita ce kansar. In an gano ta, maganin sau da yawa cire mahaifa ne ko gashi da na'ura, gashin kuma yana kashe ƙwan haihuwa. Kuma ba da wuri suke zuwa mana ba. Mace za ta yi shekara tana ganin jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari, tana shan maganin sanyi na masu lasifika a kasuwar Terminus, wannan ya ce jinnu ne, wancan ya ce sammun kishiya. Sai ƙugu ya riƙe, fitsari ya tsaya, sannan a kwaso ta. A 2020 kaɗai mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Mai muryar WhatsApp ɗin nan da ba a san sunansa ba, bai taɓa tsayawa gaban miji ya gaya masa an makara ba. Mu muke yi. Duk wanda ya tura saƙon da bai tantance ba, har aka hana yarinya rigakafi saboda shi, ya sani akwai ranar tambaya.

Abin da za ki gani bayan allurar: ciwon dantse kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci zazzaɓi kaɗan. Wasu 'yan matan jiri na ɗibarsu don tsoron allura, saboda haka ta ci abinci kafin ta je, ta kuma zauna minti 15 bayan an yi. Sau ɗaya ake yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14, sai dai mai raunin garkuwar jiki, kamar mai HIV, ita tana buƙatar biyu ko uku. In ta wuce ta a makaranta, ku je asibitin sha-ka-tafi na unguwa ranar rigakafi, ku karɓo kati.

Kada ki kai ta a ɓoye, rigimar da za ta biyo baya za ta fi allurar zafi. Ki lallaɓa maigida ya zo da mahaifiyarsa su ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya. Ke ma in kin kai 30, ki nemi a duba miki bakin mahaifa ranar, don nau'in HPV na 16 da na 18 da allurar ke tarewa su ke jawo kusan kashi 70 na kansar, ba duka ba, kuma ke ba a yi miki ba.