Tambayi Anti: "Tunda muka canja mata makaranta ta daina magana"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara. Dan Allah a sakaya sunana. 'Yata ce ta biyu, shekararta 14, bara muka cire ta daga jeka-ka-dawo ta nan unguwarmu muka kai ta makarantar kwana ta kuɗi a wani gari saboda babanta yace can sunfi karatu, kuma wlh ba ƙananan kuɗi muke zubawa ba. Yarinyar da a gida sai an roƙe ta tayi shiru saboda surutu, yanzu in tazo hutu sai ɗaki, abinci sai anyi da gaske, in hutu ya kusa ƙarewa kuma sai ciwon kai da ciwon ciki, sau biyu muna zuwa asibiti anyi gwajin maleriya da taifot ba'a ga komai ba. Da tana cikin biyar na farko a aji, yanzu ta 31 tazo. Na tambaye ta ko dukanta akeyi tace a'a, ko siniyoyi na ƙwace mata kaya tace a'a, abinda kawai ta faɗa min ranar bizitin shine "Umma ni fa ba wanda yasan ina makarantar nan". Kakarta tace iska ne a kaita ruƙiyya, babanta yace shagwaɓa ce zata saba. Ni dai na rasa na kamawa.
Wata uwa, daga Funtua

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya bata lafiya, ke kuma ya saka miki da kika tsaya kika lura, don da yawanmu rizot kawai muke karɓa mu duba na nawa yaro yazo. A duk wasiƙar nan taki maganar da ta tsaya min a rai itace wadda ta faɗa miki ranar bizitin. Yarinyar nan fa ta riga ta gaya miki ciwonta da bakinta, kece dai kunnenki na jiran yaji duka ko ƙwace, da bakiji su ba sai kika ɗauka bata ce komai ba.

Zauna kiyi lissafin yininta. Ta tashi da asuba a ɗaki mai cike da 'yan mata, taje dainin, ta shiga aji, tayi firef da dare ta kwanta, kuma ba mamaki duk tsawon yinin nan ba wanda ya kira sunanta sai lokacin kiran rajista. Sauran tun JSS1 suka shigo tare, sun sha leba tare, sun sha gwale-gwalen siniyoyi tare, kowa ta riga ta kama ƙawarta har da wadda suke haɗa kwano, ita kuma sai ta faɗo musu a tsakiya. In aka yi rashin sa'a turancinta bai kai nasu ba ai shikenan, sau ɗaya zata ɗaga hannu a aji a kwashe da dariya ana 'yar gwamnati ko 'yar ƙauye, daga ranar ta kulle bakinta. Duk wannan ba abinda za'a rubuta a littafin laifi, ba wanda ya taɓa jikinta, shi yasa in kin tambaya take cewa ba komai.

Masana sun daɗe da gano abin nan. Tun 1993 wata mai bincike a Amurka, Carol Goodenow, ta fitar da ma'auni na yadda ɗalibi ke jin shi ɗan gida ne a makaranta, wato yana jin an karɓe shi, ana ganin mutuncinsa, ana sakawa dashi, kuma akwai mai tsaya masa. A 1997 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka zanta da matasa sama da 12,000 a can Amurkan, aka ga abu biyu ne suka fi tsare yaro daga ƙuncin zuciya da tunanin kashe kai da shaye-shaye: shaƙuwa da iyaye, sai shaƙuwa da makaranta. Na baya-bayan nan kuma, a 2021 lokacin korona hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, ta tambayi 'yan sakandare, cikin waɗanda suka ce suna da na kusa a makaranta kashi 35 cikin 100 ne ke fama da baƙin ciki mai daɗewa, cikin waɗanda basu da kowa kuwa kashi 53. Masu tunanin kashe kansu da gaske, kashi 14 cikin masu na kusa, kashi 26 cikin waɗanda basu da kowa. Kusan ninki. Nasan wani zai ce ai wannan 'ya'yan Turawa ne, to naji, amma ni banga ta inda zuciyar 'yar shekara 14 a Funtua ta bambanta ba, mu da ko cin abinci kai kaɗai muke gani kamar horo ne.

Ciwon kai da cikin nan ma kar ki yarda ace ƙarya take. A 2003 a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis an saka mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana musu wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, can sai a daina jefo wa mutum ana yi tsakanin sauran, sai aka ga wurin da ke motsawa a ƙwaƙwalwarsa yana daga cikin wuraren da ke motsawa in jiki na jin zafi. Wasan 'yan mintuna kenan da baƙi. Ita kuma taki shekara guda cur. Damuwa in ta rasa ta inda zata fita ta baki sai ta fito ta ciki da kai da rashin barci, kuma ai ke da kanki kika lura sai hutu ya zo ƙarshe yake tashi, maleriya bata duba kalanda.

Maganar Hajiya kaka, addu'a ba ta taɓa ɓata komai ba, ayi mata, a tofa mata, amma banda irin ruƙiyyar da za'a danne yarinya ana mata tsawa, wadda ke jin ba'a sonta in aka ƙara mata da cewa tana da iska kin gama da ita. Shi kuma maigida ki lallaɓa shi ki nuna masa bambancin: kewar gida gaskiya ce kuma yawanci 'yan makonni take lafawa, wadda ta ci zango uku ta sauko da yarinya daga cikin biyar na farko zuwa ta 31 ta wuce shagwaɓa. Da lambar nan zaki kama shi, tunda saboda karatun ya kaita.

Abinda nake so kiyi, ki shirya kije makarantar a ranar da ba ta bizitin ba. Ki nemi fom masta ko malamar ajinsu da metiron ɗin ɗakinsu, kar ki fara da faɗa, tambaya ɗaya zaki musu: dan Allah da wa 'yata take zama a dainin? In suka fara kallon juna ana wace ce ma, kin samu amsarki. Daga nan ki roƙi mutum ɗaya, ɗaya tak, malama ko metiron wadda kika ga tana da sakin fuska, ta riƙa kiranta da sunanta tana tambayarta ya jiki ya gida. Kuma a bata wani aiki da in bata zo ba za'a neme ta, ko riƙe alli da dasta, ko ƙungiyar muhawara ta Hausa tunda kince bakinta baya shiru, ko ta ɗalibai musulmi, ko 'yan gudu na intahaus. Yaro baya jin shi ɗan wuri ne sai in rashinsa na ɓata wani abu.

Ni kaina nayi kwana, kuma zangona na farko a bayan tankin ruwa nake cin garin kwakina ni kaɗai don kar aga irin firobishin ɗina. Wata malamar Hausa ce ta tsince ni, bata min wa'azi ba bata kira taro ba, cewa kawai tayi daga yau ke zaki riƙa kawo min littattafan aji ofis. A hanyar ofis ɗin nan na samu wadda ke taya ni ɗauka, yau shekara nawa, ita ta min kwana a asibiti da na haifi ɗan farina. Kuma tunda na ambaci firobishin, wannan karon ki ƙara mata abinda ake rabawa, dambun nama, ƙuli-ƙuli, yaji mai daɗi, ba don ta sayi ƙawaye ba, sai don a ɗakin kwana kwano ne ke buɗe hira. Ki kula dai da batun uwar ɗaki cikin siniyoyi, wata ta Allah ce wata kuma 'yar wanki take nema.

In akwai wata yayarta ko 'yar ƙanwarki da ta yi kwana, ki haɗa su a hutun nan ta bata labarin nata zangon farko. Yaro a wannan halin gani yake shi kaɗai ne, laifin a jikinsa yake, da yaji wadda yake ganin ta waye ma tayi kuka a banɗaki sai nauyin ya ragu.

Ki basu zango ɗaya. In kin koma kin tarar ba abinda ya canja, ko makarantar ta nuna miki su kuɗin makaranta kawai suka sani, ki dawo da abarki gida, kuɗin da aka kashe sun riga sun tafi ko ta zauna ko bata zauna ba.

Sai abinda bana so ki jira zango a kansa. In ta kai mako biyu ko fiye a gidan ma bata walwala, bata barci ko barcin yayi yawa, tana ramewa, ta daina kula da wanka da kitso, ko kika ji tana gara in mutu ko ni nauyi ce a kanku, ko kika ga yanka a hannunta, ranar ki kaita wajen likitan ƙwaƙwalwa. Kuma ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, tambaya bata saka wa yaro tunanin. Hukumar Lafiya ta Duniya tace 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 na da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kinga ba abin kunya bane kuma ba hauka bane. Daga Funtua ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya kusa dake, ga na ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, ga na Malam Aminu Kano. Ki rubuto min bayan kin dawo daga makarantar, inaso inji me metiron tace.

TAMBAYA: Anti ni malami ne a makarantar gwamnati, ajina yara 94 ne, wasu a ƙasa suke zama. Kullum ana cewa mu ja yara a jiki, ta ina zan fara?
Wani malami, daga Haɗeja

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya biya, 94 ai gari guda ne. Bazan ce maka ka san damuwar kowa ba don ƙarya ne. Ɗauki rajistarka ranar Juma'a ka bi sunayen da biro, duk wanda ka karanta sunansa fuskarsa bata zo maka ba ka saka masa ɗigo. Masu ƙoƙari ka sansu, masu fitina ma ka sansu har da sunan ubansu, 'yan ɗigon nan sune aikinka. Uku a mako sun isa, ka kira su da suna a bakin ƙofa, wanda bai zo jiya ba kace jiya ban ganka ba lafiya dai, ka fara da wannan kafin maganar bulala. Kuma in zaka raba su rukuni kai ka raba da kanka, kar kace kowa ya zaɓi abokansa, don duk ranar da akayi haka yaran da suka rage a tsaye su ɗin dai ne.