Tambaya da Amsa: Lissafin Shiga Makarantar Jinya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama sakandare bara, ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma ina son neman kwalejin jinya ta Birnin Kudu. Sai dai lissafin nan da ƙyar na tsallake shi. Ta ina zan fara bita? Daga wata ɗaliba a Kiyawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Kiredit biyar ɗin da kika lissafa su ne ake nema, a zama ɗaya ko biyu, saura shirin jarrabawar shiga. Ki ajiye littafin ajin ƙarshe tukuna, ki nemo na ƙaramar sakandare, aji ɗaya zuwa uku, domin a nan akasarin ɗalibai suke zubar da maki: ɓangarorin lamba, ɗigo, kaso cikin ɗari da sauya ma'auni.

Gwada wannan: 1/2 a tara da 1/3. Da yawa za su tara na sama su tara na ƙasa, su rubuta 2/5. To ki je da shi wajen mai awo. Rabin mudu na gero, an ƙara miki sulusin mudu, ai dole ya wuce rabi, ga shi 2/5 bai ma kai rabi ba. Sai an mai da na ƙasa iri ɗaya: rabi shi ne 3/6, sulusi 2/6, jimla 5/6, wato saura kaɗan mudu ya cika.

Ɗigo ya fi wannan ɓarna. Tsakanin 0.5 da 0.25 wanne ya fi yawa? Ido yakan tafi kan 25, alhali 0.5 rabi ne, 0.25 kuwa rubu'i. Ki riƙa cike gurbi da sifiri, 0.50 da 0.25, nan take za ki ga babba. Haka 6 a raba da 0.5, amsa 12 ce, ba 3 ba, don tambayar ita ce rabi nawa ne a cikin shida.

Ma'aunin nan kuma ki haddace shi kamar karatun allo: kilo 1 giram 1,000 ne, giram 1 miligiram 1,000, lita 1 mililita 1,000. Daga babba zuwa ƙarami ninkawa ake yi, ɗigo ya matsa dama gurbi uku, 0.25g ya zama 250mg. Wadda ta matsar da shi gurbi biyu za ta sami 25mg, mai gurbi huɗu 2,500mg, kuma masu shirya jarrabawa sukan jera irin waɗannan cikin zaɓin amsa da gangan. A gadon asibiti kuwa wannan kuskuren na nufin mara lafiya ya sha magani ninki goma, ko kuma kashi ɗaya kacal cikin goma na abin da ya kamata, shi ya sa malaman jinya ba sa wasa da ɗigo.

Kaso cikin ɗari kin daɗe da saninsa ba ki ankara ba. Zakkar hatsin damina dami ɗaya ne cikin goma, wato kashi 10 cikin 100. Ta noman da aka sha wahalar ba shi ruwa rabin wannan ce, kashi 5. Ledar ƙarin ruwa mai sukari da aka rubuta wa 5% tana nufin giram 5 a kowane 100ml, saboda haka leda mai 500ml tana ɗauke da giram 25.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. A tsofaffin tambayoyin da nake bita na ci karo da na auna magani da na ɗigon ƙarin ruwa, kuma kullum amsata takan fito wata ƙatuwar lamba. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Madobi.

Amsa: Yauwa, ɗan'uwa. Na auna magani hanyarsa ɗaya ce: abin da ake so, a raba da abin da ke hannu, a ninka da yawan ruwan da yake ciki. Misali, kwalbar farasitamol ta yara an rubuta 120mg a cikin 5ml, tambaya ta ce a ba da 180mg. Raba 180 da 120, ka sami 1.5, ninka da 5, amsa 7.5ml. Kafin ka taɓa biro ma ka yi kirdado: 180 ya fi 120 amma bai ninka shi ba, don haka amsa tana tsakanin 5ml da 10ml. Duk abin da ya fita daga nan, ka san an yi tuntuɓe. Kuma ka tabbata ma'aunin sama da na ƙasa iri ɗaya ne, kada ka raba giram da miligiram.

Na ƙarin ruwa, muna kyautata zaton awa ce kake mantawa ba ka mai da ita minti ba. A ce leda mai 500ml za ta shiga cikin awa 4, robar da ruwan ke bi kuma ɗigo 20 ne ke cika 1ml. Ninka 500 da 20, ɗigo 10,000 ke nan. Awa 4 minti 240 ne. Raba 10,000 da 240, ka sami 41.67, sai a cike shi 42 a minti, tunda ba a ƙirga rabin ɗigo. In ka raba da 4 kai tsaye za ka sami 2,500 a minti, wannan ai famfo ne. (Misalan nan na bita ne, ba a auna wa yaro magani da su a gida.)

Tambaya: 'Yata ce ke son karatun ungozoma a Dambatta. Ƙauyenmu babu mai lesin, ni ma ban yi boko mai zurfi ba. Da me zan taimaka mata? Daga wani magidanci a ƙaramar hukumar Makoɗa.

Amsa: Baba, Allah ya saka da alheri. Ka saya mata littattafan rubutu biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na tara tambayoyin da ta faɗi tare da dalilin faɗuwar, ta riƙa komawa kansu duk Juma'a. A ɗauke mata aikin gida na rabin awa bayan sallar asuba, lokacin akwai haske kuma kai bai ɗau zafi ba. Ta yi tambaya 20 ba tare da kalkuleta ba, kai kuma ka riƙe agogo, ku fara da minti 30, a hankali ku sauko zuwa 20. Jadawalin sau daga 2 zuwa 12 kuwa ko ƙaninta ɗan firamare zai iya yi mata tambaya a kai da dare. In sanarwar makarantar ta ce a kwamfuta za a rubuta jarrabawar, ka kai ta shagon kwamfuta ko sau biyu ne ranar kasuwar Dambatta, ta saba da danna amsa da wucewa tambaya ta gaba.