Wasiƙun Ignatiyus na Antakiya: yaya ɗaurarre ya rubuta su, kuma guda nawa ne nasa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A ajin tarihin ikkilisiya an koya mana cewa Bishop Ignatiyus na Antakiya ya rubuta wasiƙu bakwai a hanyarsa ta zuwa Roma, inda aka kashe shi. Abin da ya ɗaure mini kai, mutumin da ke hannun sojoji da sarƙa a jikinsa, ina ya ga sukunin rubutu? Sannan na ci karo da wani littafi mai wasiƙu 13. Wanne ne daidai?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Mu fara da tafiyar, domin ita ce ta haifi wasiƙun.

Ignatiyus shi ne bishop na Antakiya ta Suriya, garin da aka fara kiran almajirai Kirista kamar yadda Ayyukan Manzanni 11:26 ya faɗa, wanda yau yake cikin Turkiyya. Masanin tarihi Yusebiyus ya sa mutuwarsa a zamanin sarki Tirajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117. An yanke masa hukunci a Antakiya, aka danƙa shi ga sojoji goma su kai shi Roma a jefa wa namun daji. Shi da kansa ya kira su damisoshi goma, ya ce duk sa'ad da aka kyautata musu sai su ƙara mugunta. Wannan magana ta nuna yadda abin yake. A daular Roma, ci da sha da kulawar ɗaurarre galibi suna wuyan 'yan'uwansa ne, kuma masu gadi sukan buɗe ƙofa ga baƙi, musamman in baƙin ba su zo hannu rabbana ba.

Da ayarin ya shiga yankin Asiya, sai ya bi hanyar arewa ta Filadalfiya zuwa Simirna, wato Izmir ta yau. Ikkilisiyoyin da ke hanyar kudu ba su gan shi ba, don haka suka turo wakilai Simirna: Unisimas bishop na Afisa, Damas na Magnisiya wanda matashi ne, da Polibiyus na Tiralis. A wannan zango ya rubuta wasiƙu huɗu, uku zuwa waɗannan garuruwa, ɗaya zuwa Roma. Ta Roma ce kaɗai ke da kwanan wata, 24 ga Agusta, ba shekara. Daga nan sai Taruwasa, inda labari ya iske shi cewa ikkilisiyar Antakiya ta sami salama. A can ya rubuta sauran ukun, zuwa Filadalfiya da Simirna da kuma Polikarp bishop na Simirna. A biyu daga cikinsu ya ce yana rubutu ta hannun Burus, wani dikin daga Afisa da aka haɗa shi da shi don ya yi masa hidima. A ta Polikarp kuwa ya ba da hanzari cewa bai samu ya rubuta wa sauran ikkilisiyoyi ba, domin an ce a shiga jirgin ruwa zuwa Niyabolis ba shiri. Shi ya sa Helenancin wasiƙun ke da gaggawa, wata jimla ma takan katse kafin ta kai ƙarshe.

Wasiƙar Roma ita ta fi taɓa zuciya. Ya ji tsoron kada Kiristocin can su nema masa sassauci, sai ya roƙe su su bar shi, ya ce: "Ni alkamar Allah ce, haƙoran namun daji za su niƙa ni domin in zama gurasa mai tsabta." Sauran shidan suna kan abu biyu. Na farko, a tsaya tare da bishop da dattawa da dikinoni, kada a yi baftisma ko jibin Ubangiji ba da yardar bishop ba. Na biyu, a guje wa masu koyar da cewa Yesu kamannin jiki kawai ya ɗauka. Ya nanata cewa hakika an haife shi, ya ci ya sha, hakika an gicciye shi a zamanin Bilatus, hakika ya tashi. Hujjarsa kuwa sarƙar da ke jikinsa: in wahalar Almasihu ta gani ce kawai, me ya sa shi yake ɗaure? A wasiƙar Simirna ne kuma aka fara samun lafazin "ikkilisiya katolika" a rubuce, da ma'anar ikkilisiya ta ko'ina.

Yanzu batun adadi. Wasiƙun sun iso mu a siga uku. Doguwar siga ita ce mai 13 ɗin da ka gani: wani marubuci a ƙarni na 4 ya cusa ƙari cikin bakwai na asali, ya haɗa da wasu shida da ba Ignatiyus ya rubuta ba. Ita ce ta yi yawo a Turai ɗaruruwan shekaru. A 1644 James Ussher ya buga wata fassarar Latin da ya gano a Ingila wadda ba ta da wannan cushe, a 1646 Isaac Vossius ya fito da Helenancin shida daga wani kundi a Florence, Helenancin wasiƙar Roma kuma ya fito a 1689 ta hannun wani masani, Ruinart. Wannan ita ce matsakaiciyar siga. A 1845 William Cureton ya buga gajeriyar siga ta Suriyanci mai wasiƙu uku, ya ce su ne na asali, amma binciken wasu masana biyu, Zahn a 1873 da Lightfoot a 1885, ya nuna taƙaitawa ce aka yi.

Abin da ya ƙarfafa bakwai ɗin shi ne shaidar da ke wajensu. Polikarp ya rubuta wa Filibiyawa cewa ga wasiƙun Ignatiyus nan da ke hannunsa ya haɗo musu kamar yadda suka roƙa, har ya nemi su ba shi labarin abin da ya sami Ignatiyus. Wajen shekara ta 180 Ireniyus, bishop na Lyon, ya ɗauko maganar alkamar nan. Yusebiyus kuma a farkon ƙarni na 4 ya jero bakwai ɗin nan daidai, da garuruwan da aka rubuta su. Akwai 'yan masana da ke ganin an rubuta su ne can tsakiyar ƙarni na 2, amma mafi yawa sun karɓe su a matsayin nasa, kuma a ganina hujjarsu ta fi nauyi.

Sai ka yi hattara da labaran da aka ƙara daga baya. Littattafan shahadarsa da ke cewa Tirajan da kansa ya yi masa shari'a an rubuta su ne ƙarnuka bayan mutuwarsa. Haka ma zancen cewa shi ne yaron da Yesu ya rungume a Markus 9:36: ya samo asali ne daga laƙabinsa Tiyoforos, wanda ake iya karantawa "mai ɗauke da Allah" ko "wanda Allah ya ɗauka". In za ka sayi littafin wasiƙun, duba jerin sunaye a gaba. In ka ga wasiƙa zuwa Tarsus, ko Filibi, ko Antakiya, ko zuwa ga Hero, doguwar siga ce a hannunka, sai ka nemi mai bakwai.