VS Code ya cika min allo da jan layi, in kashe antibairos?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta mod (ƙarin da ke sauya wasa) na wasan kwamfuta Factorio da yaren Lua, amma VS Code, manhajar da nake rubutun a ciki, ya ja layi ƙarƙashin kalmomin "game", "script" da "data", wai bai san su ba, alhali wasan na tafiya lafiya. Wani mai shagon gem a Sabon Gari ya tura min fayil na .vsix, wato extension da ake ƙara wa VS Code, a filash, ya ce sai na kashe antibairos kafin in saka. Raina bai kwanta ba. Ɗalibi, Samaru.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Layin nan ba abin tashin hankali ba ne. Lua Language Server, mai duba maka rubutun a VS Code, Lua zalla ya sani, su "game" da "script" kuwa Factorio ne ke samar da su idan ya tashi. Ka saka Factorio Modding Tool Kit daga Marketplace, kasuwar extension ta VS Code, shi zai ciro bayanan API, wato umarnin da wasan ya tanadar wa masu mod, daga wasan, ka kuma saita runtime.version zuwa Lua 5.2. In mod ya ƙi tashi, factorio-current.log, fayil ɗin da wasan ke rubuta kurakurai a ciki, za ka buɗe.

Filash ɗin nan ne ya dame ni. Kullum sai na ji wani ya ce ai extension ado ne kawai, launi yake sa wa rubutu. Wa ya gaya muku? Cikakkiyar manhaja ce, duk ikon da kake da shi a kwamfutar ita ma tana da shi. Za ta iya karanta fayilolinka, ta kwashe abin da burauza ta adana, ta aika waje, kai kana nan kana murnar layi ya ɓace. Restricted Mode, yanayin kariya na VS Code, ma ba zai cece ka ba, folda yake tuhuma, ba abin da ka saka da hannunka ba.

A Yunin 2023 ƙwayar fractureiser ta shiga mod na wasan Minecraft ta CurseForge, shafin sauke mod da kowa ya amince da shi, tana satar bayanan shiga Discord da Microsoft, tana kuma harbin sauran fayilolin .jar da ta tarar. To ina ga filash ɗin da ya zaga kwamfutocin shago? Mai shagon wataƙila ba mugu ba ne, shi ma turo masa aka yi, amma abin da ake bayarwa kyauta a Marketplace me ya kai shi neman a kashe antibairos?

Kada ka saka. In ka riga ka saka, cirewa kaɗai ba ta wadatar ba: ka sauya kalmomin sirrinka daga waya, na banki da imel tukuna, sannan ka sake loda Windows.